Nakan kusa shiga Zariya ban tuna na wuce Kwanar Ɗangora ba, lafiyar kaina ƙalau kuwa?

"Assalamu alaikum Dakta, barka da ƙoƙari. Ni direban haya ne, na daɗe ina jan Sharon tsakanin Kano da Kaduna. Wani abu ke damuna, sau da yawa in na tashi daga Kano sai dai kawai in ganni na kusa shiga Zariya, wallahi ba zan iya tuna lokacin da na wuce Chiromawa ko Kwanar Ɗangora ba, alhali ni ke tuƙin kuma ban taɓa buge komai ba. Abokina ya ce gajiya ce kawai, maiɗakina kuma ta ce in je a yi min ruƙiyya. Don Allah me ke faruwa a kaina, ciwo ne? Kuma akwai haɗari ga fasinjana?"

Wa alaikumus salam malam direba, Allah ya tsare hanya. In na fahimce ka tambayar gida biyu ce, na farko wa ke riƙe da motar a wannan tsakanin da ba ka tuna komai, na biyu kuma ko wannan alamar ciwo ce da ya kamata ka ajiye makulli saboda ita. Ni aikina duba masu ciwon ƙwaƙwalwa da jijiya ne, kuma wannan ƙorafin ba baƙo ba ne a wajena, direbobin haya na kawo shi, ma'aikatan da ke bin hanya ɗaya kullum na kawo shi, har iyaye masu kai yara makaranta. Mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, wannan ka fara kwantar da hankalinka da shi. Sai dai akwai abubuwa uku mabambanta da duk mai su zai zo maka da magana iri ɗaya, wai bai san lokacin da ya wuce wuri kaza ba: sabo, barci, da kuma ciwo. Sabon kusan duk tsohon direba na yi, barcin shi ke cin rayuka a manyan hanyoyi, ciwon kuma bai da yawa amma in shi ne to bai kamata ka sake ɗaukar lodi ba sai an duba ka. Abin haushin shi ne kai da abin ke faruwa a kanka kai ne ka fi kowa wahalar gane wanne ne a ciki, don ƙwaƙwalwar da za ta ba da shaida ita ce ba ta nan a lokacin.

Wa ke tuƙin in hankalinka ya tafi

Ka tuna zamanin da kake koyon mota, yadda sakin kuloci kaɗai ke sa ka gumi, ka nemi giya ta biyu ka faɗa ta huɗu, in wani ya yi maka magana a lokacin sai motar ta mutu a tsakiyar titi. A wannan lokacin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke nan bayan goshi, shi ke ɗauke da kusan komai. Shi ne mai tsara abu, mai yanke shawara, mai ce maka dakata kar ka shiga tukuna. Yana da basira amma yana da nawa, kuma abu ɗaya yake iya riƙewa da kyau a lokaci guda. Da ka yi ta maimaitawa wata da watanni sai aikin ya riƙa sauka zuwa wasu sassa da ke can ciki, akwai wani curi a tsakiyar kai da muke kira basal gangiliya, shi ne ma'ajiyar ɗabi'u da duk wani abu da jiki ya haddace, sai kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, serebelam, mai daidaita motsi, ita ke sa hannunka ya riƙa ɗan gyara sitiyari kaɗan-kaɗan ba tare da ka ce masa ya yi ba. Abin da ido ya gani yana zuwa bayan kai ne a fara tantance shi, daga nan ya hau wajen tsakar ka inda ake auna nisa da gudu, wannan tirelar mita nawa ce tsakanina da ita, wancan mai babur ɗin zai riga ni isa kwanar ko ba zai riga ni ba. Duk wannan zirga-zirgar tana iya gudana ba tare da ta bi ta wajen goshi ba, shi ya sa kake iya canza giya kana lissafin kuɗin makarantar yara.

To ina tunawar ta shiga? Ajiye abin da ya faru da kai yau aikin wani sashe ne daban, sunansa hifokamfas, guda biyu ne, ɗaya a kowane ɓangare can ciki daidai saitin kunne. Shi kuma ba ya ajiye komai da komai, abin da hankali ya tsaya a kai yake ajiyewa, musamman sabon abu ko abin da ya tayar maka da hankali. Kwanar da ka wuce sau ba adadi, yau ma ta zo yadda ta saba, ba abin da zai rubuta. Shi ya sa ranar da ka tarar da tanka ta faɗi a wurin ba za ka manta ba ko bayan shekara biyar, amma jiya da ba abin da ya faru babu ita a kanka kwata-kwata. Kusan abin da ke samun da yawanmu ne a sallah, mutum ya karanta Fatiha da sura daidai ba kuskure ko ɗaya, ya yi ruku'u, sannan ya rasa wace sura ma ya karanta. Harshen ya yi aikinsa, hankalin ne yana kasuwa.

Cewa iya abu da tuna abu hanyarsu daban ba hasashe ba ne, an gani ƙuru-ƙuru a jikin wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison. A 1953 aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya mai tsanani aka cire masa mafi yawan hifokamfas na ɓangarorin biyu, daga nan har ya rasu a 2008 bai ƙara iya riƙe sabon abin da ya faru da shi ba. Wata masaniya Brenda Milner ta riƙa sa shi ya bi zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi, abu mai wahala, kullum hannunsa na ƙara ƙwarewa, amma kullum in an kawo masa sai ya ce bai taɓa yin wannan aikin ba. Kai naka hifokamfas ɗin lafiya lau yake, kawai dai bai ga abin ajiyewa tsakanin Kura da Tashar Yari ba.

Akwai wani bincike da direbobi ke jin daɗinsa in na ba su labari. Direban baƙar tasi a Landan ba a ba shi lasin sai ya haddace tituna wajen 25,000, karatun kan ɗauki shekara uku zuwa huɗu. A shekarar 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta a University College London suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar irin waɗannan direbobi da na'urar MRI suka tarar ɓangaren baya na hifokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma wanda ya fi daɗewa a aikin nasa ya fi. A 2006 sai suka kwatanta su da direbobin bas na garin, su ma suna wuni a kan titi cikin gosulo iri ɗaya amma hanyarsu ƙayyadajjiya ce kullum, sai ba a ga wannan ƙarin a wajensu ba. Ka ga kenan ba riƙe sitiyarin ke motsa wannan sashen ba, neman hanya ne. Kai a layin Kano zuwa Kaduna sahun direban bas kake, ba ka neman hanya, hanyar ta riga ta zauna.

Inda sabon ke da illa

Kar ka ɗauka daga abin da na faɗa cewa tuƙin sabo bai da matsala. Yana da kyau matuƙa a kan abin da aka saba, ramin da ka sani, kwanar da ka sani, inda 'yan kasuwa ke cin titi ranar kasuwa. Amma yana tafiya ne a kan tsammani, wato ƙwaƙwalwa ta riga ta zana abin da za ta gani kafin ido ya kawo, in abin da ke gaba bai cikin lissafinta takan makara kafin ta yarda da shi. Samuel Charlton da Nicola Starkey na jami'ar Waikato a New Zealand sun sa mutane sun yi ta bin hanya guda a motar gwaji ta kwamfuta tsawon makonni, tuƙin ya yi musu sauƙi, suka fara cewa suna yi ba tare da tunani ba, kuma da aka riƙa sauya wasu abubuwa a gefen hanyar da yawa ba su ma lura ba. Yanzu ka ɗora wannan a kan hanyarka, ranar da aka mayar da titi hannu ɗaya saboda gyara, ko tirela ta lalace da dare ba fitila sai ganye da aka zuba a kwalta, ko shanu suka fito inda ba su saba fitowa ba.

Wanda ya yi karo da mai babur ya ce wallahi na duba ban gan shi ba, mutane kan ɗauka ƙarya yake, sau da yawa kuma gaskiyarsa ce. Ido ya sauka a kan babur ɗin, amma abin da ake nema a lokacin mota ce, sai ƙwaƙwalwa ta tsallake shi. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo suka ce a ƙirga jifar masu fararen riguna, a tsakiyar wasan wani ya ratsa sanye da kayan goggon biri har ya tsaya ya bugi ƙirji, kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba.

Bari mu yi lissafi kaɗan don nan ne abin yake zama rai da mutuwa. A gudun kilomita 100 cikin awa motarka na cin mita 28 duk daƙiƙa ɗaya. Direban da ke sa ran wani abu zai faru, ƙafarsa kan kai birki a ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kamar mita 20 kenan. Wanda abin ya zo masa ba zato yakan kai daƙiƙa ɗaya da rabi, mita 42 kenan kafin ma birkin ya fara kamawa, ba a zo maganar nisan da motar za ta ja kafin ta tsaya ba, wanda shi kuma in ka ninka gudu sau biyu ninkuwa yake sau huɗu. Wannan bambancin na mita 20 da wani abu shi ne kuɗin da kake biya in hankali ya tafi yawo. Ga kuma wata yaudara da ƙwaƙwalwa ke yi, in ka daɗe kana gudu sai ta saba da shi, ka shigo gari kana 80 kana jin kamar tafiyar hawainiya kake. A nan kar ka yarda da jikinka, allon gudun za ka duba.

Sai waya, kuma na san aikinku ba ya rabuwa da ita, mai saƙo na kira ka iso ina, tasha na kira, gida na kira. Marcel Just na jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya sa mutane tuƙin kwamfuta a cikin na'urar MRI a 2008, da aka haɗa musu da sauraron jimloli suna tantance gaskiya ce ko ƙarya, aikin sashen nan mai auna nisa da wuri ya ragu da kashi 37 cikin ɗari, kuma suka fi kauce wa layinsu. Ka lura ba su riƙe komai a hannu ba, sauraro ne kawai. Shi ya sa duk direban da ya ce min ai shi iyafis yake sawa nakan ce masa hannunka ka 'yanta, kan naka yana wajen mai kiran. David Strayer na jami'ar Utah ya daɗe yana wannan binciken, ya nuna masu waya a kunne da masu iyafis duk birkinsu na makara, kuma a 2006 ya kwatanta su da waɗanda suka sha giya daidai iyakar da dokar Amurka ta sa, lalacewar tuƙin nasu ta yi kusa da juna. Hira da fasinjan gaba ba ta kai wannan ba, don shi yana ganin titin tare da kai, in ka zo shan gaban tirela da kansa zai yi shiru ko ma ya ce maka ga mota can. Wanda ke waya daga Sabon Gari bai san kana tsakanin tanka da rami ba, zuba kawai yake.

Rigimar tasha ma haka take, in ka tashi da ɓacin rai an yi maka tsallaken layi ko fasinja ya zage ka, kan naka zai yi ta maimaita faɗan har Kwanar Gafan, kuma mai fushi ya fi matse motar gabansa ya fi shiga obatekin da bai kamata ba.

Barci, wanda ni na fi tsoro

In da za ka zauna a gabana, tambayar farko da zan yi maka ba ta ƙwaƙwalwa ba ce, awa nawa ka yi barci daren jiya, kuma ƙarfe nawa abin ya fi samunka. Dalili shi ne akwai wani guntun barci na daƙiƙa biyu zuwa goma ko fiye da ke zuwa wa mai bashin barci, wani lokacin ma ido a buɗe, kuma mai shi sau da yawa zai rantse bai yi barci ba. A gwajin EEG, wanda ake manna wayoyi a fatar kai a ga igiyar lantarkin ƙwaƙwalwa, muna ganin lokacin da igiyar ke sauyawa ta koma ta mai barci, ka tambayi mutumin ya ce maka idonsa biyu. Bambancinsa da tuƙin sabo babba ne. A sabo akwai mai tuƙi, bai dai rubuta ba ne. A wannan kuwa ba kowa a kan sitiyarin, daƙiƙa huɗu a gudun 100 ka wuce mita 110 ba direba. Irin haɗarin nan ne ake zuwa a tarar babu ko alamar birki a kwalta.

Abu biyu ke kawo shi. Tun daga lokacin da ka farka wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, yawansa shi ne nauyin barcin da kake ji, kuma barci ne kaɗai ke kwashe shi. Na biyu akwai agogo a cikin kai da ke sauke kuzari sau biyu a yini, sosai daga wajen ƙarfe biyun dare zuwa asuba, sannan kaɗan bayan azahar, wajen biyu zuwa huɗu, ko ka ci tuwo ko ba ka ci ba, illa dai cin mai nauyi na ƙara masa. A 1997 Drew Dawson da Kathryn Reid a Ostireliya suka auna mutane suka ga wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba aikinsa ya lalace kamar mai giya kashi 0.05 cikin ɗari a jini, wanda ya kai awa 24 kuma kamar mai 0.10. Ka lissafa da kanka, wanda ya tashi sallar asuba ƙarfe biyar bai kwanta da rana ba, ƙarfe goman dare ya cika awa 17. Direbobinmu da yawa ko warin giya ba su sani ba, alhamdulillahi, amma suna ɗaukar lodin dare a wannan halin. Watan azumi kuma abin ya fi, ba don yunwa kaɗai ba, don barcin ya gutsuttsure tsakanin tarawihi da sahur.

Goro da Nescafe da lemon gwangwanin nan masu sa kuzari duk sinadarin kafeyin ne ke aiki a cikinsu, shi kuma toshe wurin da adenosin ke kamawa yake na ɗan lokaci, bashin na nan yana jira. Yana taimako, ban ce kar a sha ba, amma yakan ɗauki kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya fara aiki. Masu binciken barci a jami'ar Loughborough ta Ingila, Jim Horne da Louise Reyner, sun gwada dabarun da direbobi ke yi, sauke gilashi iska ta buge ka da ƙure rediyo amfaninsu na ɗan taƙi ne, abin da ya fi aiki shi ne ka faka, ka sha kofi, ka kishingiɗa kamar minti 15, ka tashi daidai lokacin da kofin ya fara kamawa. Na san fasinja za su yi ƙorafi, su yi.

Tiramol kuwa da 'yan uwansa ina roƙonka ko da wasa. Yana ɓoye ciwon jiki da gajiya sai mutum ya ji kamar zai iya kaiwa Legas ya dawo, alhali yana rage saurin ƙwaƙwalwa, kuma in an sha da yawa yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Na ga samari masu tuƙi da wannan ne ya kawo su wajenmu. Maganin mura irin su Piriton da na tari masu sa barci su ma kar a sha a hau hanya.

Akwai kuma waɗanda suna kwanciya awa bakwai ko takwas amma su tashi kamar ba su kwanta ba. Galibi masu jiki ne, masu kaurin wuya, masu munshari mai ƙarfi, maƙogwaro ke toshewa cikin barci numfashi ya tsaya ƙwaƙwalwa ta farka ta buɗe shi, haka za a yi ta yi har gari ya waye shi bai sani ba. Wannan maiɗakinka ce za ta ba ka amsa, ka tambaye ta ko takan ji numfashinka ya ɗauke sannan ka ja shi da ƙarfi kamar an shaƙe ka. Yana da magani, kuma yana tafiya da hawan jini, don haka ba abin sakaci ba ne.

Yadda za ka gane naka, da lokacin zuwa asibiti

Sabo ne in a wannan tsakanin kana iya faɗin abin da kake tunani a kai, motar na kan layinta, kana amsa fasinja in sun yi magana, kuma da wani abu ya gitta nan take hankalinka ya dawo. Barci ne in akwai hamma, ido na nauyi kana ta murza shi, kai na sunkuyawa ka zabura, ka ji tayarka ta sauka gefen kwalta, ko ka ganka dab da bayan mota ba ka san yadda ka matso ba, kuma abin ya fi yawa bayan azahar ko da dare ko ranar da ba ka samu barci ba.

Na ukun shi ne wanda mutanenmu ba su cika sani ba. Ba kowace farfaɗiya ce ake faɗuwa ana kumfa ba. Akwai wadda mutum zai ƙame kawai, ido a buɗe yana kallon wuri ɗaya, wataƙila yana tauna baki ko lasar leɓe ko yana shafa riga, a kira shi ba ya amsawa, bayan rabin minti ko minti ɗaya zuwa biyu ya dawo a ɗan rikice bai san an yi ba. Wasu kafin ta zo sukan ji wani abu ya taso musu daga ciki, ko wani wari da ba kowa ke ji ba, ko tsoro haka kawai. Irin wannan a gida an fi kai shi wajen ruƙiyya shekara da shekaru kafin a zo mana, kuma ni ba na hana kowa addu'a, ku yi, amma a haɗa da asibiti don wannan nau'in yana da magani. Babbar alamarsa ita ce ba a mota kaɗai yake zuwa ba, yana zuwa ana cin abinci, ana hira a majalisa. Haka in kana da ciwon suga kana shan magani ko allura, sugan na iya faɗuwa ka rikice a hanya, yawanci da gumi da rawar jiki da yunwa. In kuma ka taɓa tsayawa a hanyar da ka sani sarai ka rasa ina ne nan ko ina za ka, ko ɓari ɗaya na jiki ya yi nauyi, baki ya karkace, magana ta sarƙe, gani ya ɗauke ta gefe ɗaya ko da na minti kaɗan ne ya wuce, wannan a ranar za ka je asibiti ba gobe ba, kuma wani ne zai tuƙa ka.

Daga rubutu ba zan iya yanke maka hukunci ba tunda ban duba ka ba. Binciken da na kawo ma yawancinsu a ɗakin gwaji aka yi su a Turai da Amurka, mutum na zaune ko kwance cikin na'ura yana tuƙin allo, ba wanda ke kauce wa rami da fasinja maƙare a bayansa, don haka alƙalumansu manuniya ce, ba awon hanyar Zariya ba. Amma yadda ka ba da labarin, shekaru a hanya ɗaya, ba karo, ba faɗuwa gefe, ya fi kama da sabo, wataƙila da ɗan bashin barci a ciki kamar yadda abokinka ya ce.

Abin da zan so ka yi mai sauƙi ne. Ka ƙara tazara tsakaninka da motar gaba, in ta wuce wata alama ka ƙirga uku a nitse kafin kai ka iso wurin, wannan tazarar ita ke biyan makarar da muka lissafa. In ka ji hankali ya fara tafiya ka riƙa faɗin abin da kake gani a ranka ko a hankali da baki, ga mai babur a dama, ga yara a bakin titi, waccan motar za ta fito, yin hakan na dawo da sashen goshi bakin aiki. Ka sa wa kanka wuraren tsayawa tun kafin ka gaji, ka sauka ka taka ƙasa, waya kuma a nan za ka amsa ta. Sannan ka samu wani da ka yarda da shi, abokin aiki ko ɗan'uwa, ya zauna gaba a wasu tafiye-tafiyen, musamman na bayan azahar, ka ce ya sa maka ido ya riƙa jefo maka magana jefi-jefi. In ya ce kana amsawa daidai kuma tuƙinka bai canza ba, ka gyara barcinka ka ci gaba da aikinka. In ya ce idonka na lumshewa ko motar na lilo, ka rage lodin dare ka nemi a duba maganar munsharin. In kuwa ya ce ya kira ka ba ka amsa ba alhali idonka a buɗe, ka ajiye motar a ranar, ka nemi babban asibiti mai likitan ƙwaƙwalwa, ka tafi da shi wannan mutumin da maiɗakinka don bayaninsu ya fi naka amfani a wajenmu, ka kuma haɗa da duk wani magani da kake sha a leda, har na gargajiya.